Gidan kula da tsofaffi: Abin da tauraro biyar ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

A ƙasar Hausa, kai uwa ko uba gidan gajiyayyu abin kunya ne da ake yi wa mutum gori da shi, don haka iyalai kaɗan ne suka taɓa zama su yi tunanin yadda ake bambance gida mai kyau da marar kyau. Sai dai tambayar ta fara matsowa kusa. Tun da Birtaniya ta buɗe biza ga masu aikin kula da tsofaffi a Fabrairun 2022, 'yan Najeriya suka shiga sahun gaba tare da 'yan Indiya da Zimbabwe wajen cike guraben, kafin a rufe ƙofar ɗauko sababbi daga waje a Yulin 2025. Waɗanda suka daɗe a Turai da Amurka sun fara tsufa a can, 'ya'yansu kuma na fita aiki tun da sassafe. A gida ma, Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da dokar 2017 ta tanada ta fara aiki a 2021, gidaje masu zaman kansu kuma na buɗewa a manyan birane.

Dalilin da ya sa awon ke da muhimmanci yana cikin alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. A nazarce-nazarcen da ta tattara, kusan mutum biyu cikin kowane uku na ma'aikatan irin waɗannan gidaje sun amsa da bakinsu cewa sun ci zarafin wani mazauni ta wata fuska a cikin shekarar da ta gabata. Wanda ake zalunta a nan sau da yawa ba ya iya kai ƙara. Ko dai gigin tsufa ya ɗauke masa magana, ko kuma yana tsoron wanda zai yi masa wanka gobe.

Amurka na cikin ƙasashen da suka yi nisa wajen mayar da ingancin gida zuwa lamba, kuma 'yan jaridarta sun yi nisa wajen tona inda lambar ke yaudara. Saboda haka tsarinta ne mafi sauƙin koyon darasi a kai.

Suna ɗaya, gida iri biyu

Kuskuren farko shi ne ɗaukar duk gidajen a matsayin abu guda. Akwai gidan jinyar tsofaffi, inda ake ajiye wanda jikinsa ya yi rauni har yana buƙatar ma'aikacin jinya a kusa dare da rana. Amurka na da irinsu kusan 15,000, da mazauna kimanin miliyan 1.2. Akwai kuma gidan zama da tallafi, inda dattijo ke da ɗakinsa ko ɗan sashensa, ana dafa masa abinci, a taimaka masa da wanka da shan magani, amma ba a ɗauke shi majinyaci ba.

Likitoci na tantance wanda ya dace da kowanne ta hanyar wasu ayyuka shida na yau da kullum da likita Sidney Katz ya tsara a 1963: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da kai. Yawan waɗanda mutum ya kasa yi shi kaɗai shi ke nuna irin gidan da yake buƙata.

Bambancin ya fi girma ta fuskar doka. Gidajen jinya da ke karɓar kuɗin inshorar gwamnati suna ƙarƙashin dokar tarayya ta 1987, wadda ta biyo bayan wani rahoton Cibiyar Nazarin Likitanci na 1986 kan munin halin da gidajen ke ciki. Gidajen zama da tallafi kuwa kowace jiha ke tsara nata ka'idoji, kuma ba sa cikin tsarin taurarin gwamnatin tarayya. A 2018 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar, GAO, ya gano cewa jihohi 26 ba su iya faɗin adadin munanan abubuwan da suka faru a irin waɗannan gidaje ba, kamar cin zarafi da sakaci. A Disambar 2023 jaridar Washington Post ta ƙirga mutum fiye da 2,000 da suka sulale suka fice daga gidajen, ko aka bar su a waje ba mai kula, tun daga 2018, kuma kusan 100 daga cikinsu sun mutu. Wato gidan da ya fi kyan falo da fitilu, wanda iyali ke biya daga aljihunsu, shi ne wanda idon hukuma ya fi nisa da shi.

Yadda ake haɗa taurarin

A Disambar 2008 hukumar CMS, mai kula da inshorar lafiya ta Medicare da Medicaid, ta fara ba gidajen jinya maki daga tauraro ɗaya zuwa biyar. Makin na tsaye a kan ƙafa uku. Ta farko ita ce binciken da jami'an jiha ke kai wa gida ba tare da sanarwa ba, wanda doka ta ce kada tazararsa ta wuce wata 15. Ta biyu ita ce yawan ma'aikata. Ta uku ita ce alƙaluman lafiyar mazauna: nawa suka faɗi suka ji rauni, nawa suka yi gyambon kwanciya, nawa ake ba magungunan tabin hankali. Ana farawa da makin bincike, sannan a ƙara ko a rage gwargwadon sauran biyun.

Akwai wani abu da mai karanta makin ya kamata ya sani. Makin bincike na kwatanta gida ne da sauran gidajen jiharsa. Kashi 10 cikin ɗari na sama ke samun tauraro biyar, kashi 20 na ƙasa su samu ɗaya, saura a raba su tsakani. Don haka gida mai tauraro biyar a jihar da masu bincikenta ke da sassauci ba lallai ya kai mai tauraro uku a jihar da ake tsanantawa ba.

Inda aka ba kura ajiyar nama

Raunin tsarin tun farko shi ne ƙafa biyu cikin ukun sun dogara ne da abin da gidajen suka faɗa game da kansu. A Agustan 2014 jaridar New York Times ta nuna yadda gidaje ke hawa zuwa tauraro huɗu da biyar da alƙaluman da ba wanda ya tantance. Masu gida sun san kusan lokacin da masu bincike za su zo, sai su ƙara ma'aikata a makonnin, su rage bayan an tafi.

Gyaran da aka yi shi ne tilasta wa gidajen miƙa bayanan biyan albashi na kowace rana, aka fara amfani da su wajen ba da maki a 2018. Da kafar Kaiser Health News ta duba bayanan a shekarar, sai ta tarar mafi yawan gidaje na da ma'aikata ƙasa da abin da suka daɗe suna faɗa, kuma adadin na raguwa sosai a ranakun Asabar da Lahadi. Tsoho ba ya daina buƙatar banɗaki don mako ya ƙare. Sai a 2022 hukumar ta fara wallafa yawan ma'aikatan ƙarshen mako da yadda ma'aikata ke barin aiki.

Labarin magani ya fi wannan muni, kuma shi ne ya fi nuna yadda ma'auni ke lalacewa da zarar wanda ake aunawa ya gane shi. Magungunan tabin hankali masu ƙarfi na sa mai gigin tsufa ya yi laushi, ya daina yawo da ihu, ya rage wa ma'aikata wahala. Amma tun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan irin waɗannan magunguna, cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa. Duk da haka a 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa a kowane mako ana ba mutum fiye da 179,000 waɗannan magunguna a gidajen jinya ba tare da suna da cutar da ta halatta hakan ba.

Gwamnati na rage wa gida maki idan yana yawan ba da maganin, sai dai ba ta ƙirga masu cutar sikizofireniya, wani nau'in tabin hankali da maganin ke yi wa aiki da gaske. Abin da ya biyo baya New York Times ta bayyana shi a Satumbar 2021: mazauni ɗaya cikin kowane tara a gidajen jinya an rubuta masa wannan cuta, alhali a cikin jama'a kusan mutum ɗaya ne cikin 150 ke da ita, kuma cuta ce da kan bayyana tun a ƙuruciya. Dattijo ɗan shekara 80 da bai taɓa tabin hankali ba sai a wayi gari an rubuta masa ita a fayil, maganin ya fita daga ƙidaya, tauraro ya tsaya. A Janairun 2023 hukumar CMS ta sanar da fara bin diddigin irin wannan rubutu. Ga iyali, darasin a fili yake: a nemi jerin magungunan da ake ba tsoho, a tambayi dalilin kowanne, a kuma lura idan mai surutu da fara'a ya koma barci rana tsaka bayan makonni kaɗan da shigarsa.

Hannun da ke juya tsoho

Idan abu ɗaya za a duba, yawan ma'aikata ne da daɗewarsu. Sauran alamomi kusan duka daga nan suke fitowa.

Misali gyambon kwanciya. Yana samuwa ne idan nauyin jiki ya daɗe yana danne fata a kan ƙashi, a ƙugu ko dunduniya ko kwatangwalo, har jini ya daina isa wurin. Yakan fara da jan tabo da ba ya gushewa in an danna, ya zama ƙuje, ya zurfafa cikin nama, a mataki na huɗu har a ga tsoka ko ƙashi, daga nan ƙwayoyin cuta su shiga jini. Rigakafinsa ba ya buƙatar na'ura mai tsada: a riƙa juya wanda ba ya iya motsi, bisa al'ada duk bayan awa biyu, a sauya masa kunzugu da zarar ya jiƙe, a ba shi abinci da ruwa isassu. Ma'aikaciya ɗaya da ke riƙe da mutum ashirin da dare ba za ta iya ba, komai tausayinta. Haka abin yake ga faɗuwa. Tsohuwa ta danna ƙararrawa, ta jira, ba wanda ya zo, ta yunƙura da kanta zuwa banɗaki, ta faɗi ta karya ƙugu. A takarda za a rubuta hatsari ne.

Wani nazari da aka yi wa hukumar CMS a 2001 ya nuna cewa idan lokacin kulawa ya gaza kimanin awa 4.1 ga kowane mazauni a rana, matsaloli na ƙaruwa. Sai a Afrilun 2024 gwamnatin Joe Biden ta kafa mafi ƙarancin awa 3.48, tare da sharaɗin samun cikakken ma'aikacin jinya dare da rana. Masu gidajen suka kai ƙara, suna cewa babu ma'aikatan da za su ɗauka kuma kuɗin da gwamnati ke biya bai isa ba, kuma a Afrilun 2025 wata kotun tarayya a Texas ta soke ka'idar. Ƙorafinsu ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, domin Medicaid ce ke biya wa kusan mazauna shida cikin goma, kuma farashinta ƙasa yake da na masu biya da kansu. Amma ko wane ne ke da gaskiya, tsohon da ke kwance bai samu ƙarin hannu ba.

Daɗewar ma'aikata ma ma'auni ce. Wani bincike da mujallar Health Affairs ta wallafa a Maris 2021, bisa bayanan albashi, ya gano cewa a gida matsakaici kashi 94 cikin ɗari na ma'aikatan jinya da mataimakansu na sauyawa a shekara guda. Ma'anar wannan ga mai gigin tsufa ita ce baƙuwar fuska kusan kullum. Ma'aikaciyar da ta shekara biyu da dattijo ita ke gane cewa shirunsa na yau ba irin na jiya ba ne, ta kira likita kafin ciwon fitsari ya kai shi asibiti. Sabuwa ba ta da abin kwatantawa.

Wane ne mai gidan

Sunan da ke kan allo ba koyaushe ne mai gida ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari na gidajen jinya a Amurka na neman riba ne, kuma wasu na hannun kamfanonin zuba jari da ke sayen kamfani da bashi don su sake sayarwa. Wani nazari na masana tattalin arziki da cibiyar NBER ta fitar a 2021 ya gano cewa shiga gidan da irin waɗannan kamfanoni suka saya na ƙara haɗarin mutuwa cikin ɗan lokaci da kusan kashi 10 cikin ɗari, tare da raguwar lokacin da ma'aikata ke ba mazauna.

Matsalar ba ta Amurka kaɗai ba ce. A Birtaniya kamfanin Southern Cross, mai gidaje kusan 750 da mazauna kimanin 31,000, ya durƙushe a 2011. Ya sayar da gine-ginensa ya koma yana biyan haya a cikinsu, hayar ta riƙa hawa, kuɗin shiga bai bi ta ba. A Faransa kuma, a Janairun 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafin bincikensa, Les Fossoyeurs, inda ya zargi babban kamfanin Orpea da taƙaita kunzugu da abinci ga mazauna har a gidajensa masu tsadar gaske. Gwamnati ta buɗe bincike, darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi, daga baya ya sauya suna zuwa Emeis. Tsadar kuɗin wata, ke nan, shaida ce ta kyan gini da unguwa. Ba ta faɗin ma'aikata nawa ke bakin aiki da ƙarfe uku na dare.

A Ingila hukumar CQC ce ke duba gidajen. Maimakon taurari, tana ba da ɗaya daga cikin matakai huɗu, daga fitacce zuwa wanda bai isa ba, bisa tambayoyi biyar: ko gidan na da aminci, ko aikinsa na da tasiri, ko akwai tausayi, ko yana biyan buƙatar kowane mutum, da ko shugabancinsa na da kyau. Rauninta ya zo ta wata hanya dabam. Bitar da Dakta Penny Dash ta yi a 2024 ta gano cewa yawan binciken ya ragu ƙwarai, wasu wurare sun yi shekaru ba a leƙa su ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba. Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa. Don haka kafin a karanta makin, a karanta kwanan watan da aka ba da shi, a kuma tambaya ko manajan da aka yaba a rahoton yana nan har yanzu.

Gani ya kori ji

Maki na da amfani wajen tankaɗe. Gida mai tauraro ɗaya, ko wanda shafin gwamnati ya sa wa alamar jan hannu da aka ƙirƙiro a 2019 don nuna an same shi da cin zarafi, ya kamata a yi nesa da shi. Abin da maki ba ya iyawa shi ne tabbatar da cewa na sama yana da kyau. A Maris 2021 New York Times ta kawo gidaje masu tauraro biyar da aka samu mazauna da tsutsa a rauni, da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Rahoton binciken kansa, wanda doka ta ce gida ya ajiye inda kowa zai iya gani, ya fi tauraron faɗin gaskiya, musamman idan laifi ɗaya ya maimaitu shekara bayan shekara.

Saura kuma sai ƙafa. Ziyarar da jami'in talla ya shirya ta nuna falo da lambu ne kawai. Mai amfani ita ce ta biyu, wadda ba a sanar ba, da yamma ko ranar Lahadi, lokacin cin abinci. A nan ake ganin ko akwai mai zama ya ba wanda hannunsa ke rawa abinci a baki, ko ana ɗauke kwanon yadda aka kawo shi. Ana ganin ko ruwan sha na inda hannu zai kai, da minti nawa ƙararrawa ke yi tana kuka. Zarnin fitsari a ɗaki ɗaya na iya zama tsautsayi. Idan ya cika baranda duka, ba a sauya wa mutane da wuri. Farce da haƙora da gashin mazauna na faɗin abin da takarda ba ta faɗa. Haka ma yadda ma'aikaci ke magana: ko yana ƙwanƙwasa ƙofa, ko yana kiran dattijo da sunansa, ko yana zancensa da wani a gabansa kamar ba ya nan. Ga iyalin Musulmi akwai ƙarin tambayoyi na abincin halal, da wurin alwala da salla, da ko mace ce za ta yi wa mace wanka. Gidan da ya amsa su dalla-dalla ya nuna yana kallon mazauni a matsayin mutum guda mai al'adarsa.

Wuta da zafi ma abin tambaya ne. A Satumbar 2017, bayan guguwar Irma ta katse wutar na'urar sanyaya ɗaki a wani gidan jinya da ke Hollywood a jihar Florida, mazauna 12 suka mutu saboda zafi, alhali akwai asibiti a tsallaken titi. Jikin tsoho ba ya jure zafi kamar na matashi, ƙishirwa ma ba ya jin ta da wuri. Ina janareta, me yake ɗauka, wa ke da ikon cewa a kwashe mutane: duk tambayoyi ne da ake yi kafin a sa hannu.

Takardar yarjejeniya ita ce wurin da iyalai suka fi gaggawa, kuma nan ake yawan kuka daga baya. A gidajen zama da tallafi kuɗin da ake faɗa da farko sau da yawa na ɗaki da abinci ne. Taimakon wanka, ba da magani da sauya kunzugu na da matakan farashi, kuma gidan ne ke yanke matakin da mazauni ya kai. Medicare ba ta biyan wannan zama. Wasu yarjejeniyoyin na ɗauke da sharaɗin cewa duk wata rigima za a kai ta gaban mai sasantawa, ba kotu ba. Sai kuma sashen sallama. Korar mazauni na cikin ƙorafe-ƙorafen da suka fi yawa a ofisoshin masu kare haƙƙin mazauna, waɗanda dokar tarayya ta tanada a kowace jiha kuma ba sa karɓar kuɗi. A gidan jinya doka ta taƙaita dalilan sallama, ta wajabta sanarwar kwana 30 a rubuce a mafi yawan lokuta, ta kuma ba da damar ɗaukaka ƙara. A gidan zama da tallafi kariyar ta danganta da jiha, kuma jimla ɗaya da ke cewa gidan ba zai iya ci gaba da biyan buƙatun mazauni ba kan isa a nemi iyali su zo su ɗauki tsohonsu, daidai lokacin da jikinsa ya fi rauni.